Waiwaye: Yadda ta'aziyya ta daina ƙetare kogin Kaduna

Muhawarar da ake yi a Kaduna a 'yan shekarun nan game da matasan da ke rubuta waƙe, suna zane, suna shirya gajerun wasannin kwaikwayo a kan rikice-rikicen da garin ya sha, ta raba mutane gida biyu, kuma kowane gida yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Dattawa da yawa, musamman waɗanda suka ɗauki gawa da hannunsu a shekarar 2000, suna ganin gara a bar kaza cikin gashinta, domin a cewarsu fama tsohon miki ba ya jawo komai sai sabon jini. Matasan kuwa, waɗanda akasarinsu ba a haife su ba a lokacin ko kuma suna goye, suna cewa sun tashi a gidajen da ake sassauta murya idan an ambaci sunan wani kawu ko wata unguwa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu dalili. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wayar hannu da kafafen sada zumunta ne suka haifar da wannan ja-in-ja, alhali saiwarta ta girmi wayar da shekaru masu yawa.

Kaduna gari ne da aka gina shi da baƙi. Gbagyi ne 'yan ƙasa, amma tun da Turawan mulki suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan a 1917, layin dogo da barikin soja da ofisoshin gwamnati suka riƙa jawo mutane daga ko'ina: Hausawa da Fulani, Bajju da Atyap da Ham, Nufawa da Tibi da Yarbawa da Ibo. Hausa ce ta haɗa bakinsu. Fasahar da ta tsiro a garin ma irin ta mahaɗa ce. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryoyin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo har ƙetaren Nijeriya, kuma Samanja, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya fito a matsayinsa, ya shahara ne da Hausar bariki, wadda Musulmi da Kirista duka suke ji su yi dariya saboda kowa ya san mai irin wannan bakin a layinsu. An buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1975 da tsofaffin kayan tarihi na Nok a cikinsa, sannan a 1977 aka yi babban hawan daba na FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, a garin.

Jerin masifun kuma kowa ya san shi. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 duka sun fantsamo cikin birnin. Daga 21 ga Fabrairu 2000, sannan kuma a watan Mayu na shekarar, aka yi rikicin da ya biyo bayan taƙaddama kan shari'a, wanda kwamitin bincike ya ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu a cikinsa, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce adadin ya haura 2,000. A Nuwamba 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci fiye da rai 200, wata uku kacal bayan malaman addinan biyu su 22 sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. An yi rubutu mai yawa a kan waɗannan kwanaki. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne watannin da suka biyo baya, lokacin da hayaƙi ya lafa, 'yan jarida suka tattara suka tafi, garin kuma ya shiga sake shimfiɗa kansa ba tare da wata doka ko sanarwa ba.

Masu haya ne suka fara tashi, domin su ba abin da ya ɗaure su sai kayan ɗaki. A-kori-kura ta riƙa zirga-zirga a kan gada, wannan ta kwaso katifu da tukwane daga Tudun Wada ko Rigasa zuwa Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, waccan ta kwaso daga Television ko Narayi zuwa Kawo da Hayin Banki da Unguwar Mu'azu. Daga baya masu gidaje suka bi sahu. Wasu sun sayar a farashin da ko kuɗin bulo bai kai ba, wasu kuma suka yi musaya kai tsaye, Musulmin kudu ya ba Kiristan arewa gidansa ya karɓi nasa, wani lokaci da ciko, wani lokaci babu. Ba na ganin laifin ko mutum ɗaya daga cikinsu, domin wanda ya kwana a kan rufi da 'ya'yansa yana jin ihu a layin baya ba ya bukatar a yi masa huɗuba kan zaman tare. Sai dai hukuncin da kowane magidanci ya yanke shi kaɗai saboda tsoro, da aka haɗa shi da na dubban magidanta, ya mayar da kogi iyaka, har ta kai wasu suna kiran arewacin kogin, inda Musulmi suka taru, Makka, kudancinsa kuma, inda Kiristoci suka taru, Jerusalem. Unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da Unguwar Rimi sun riƙe wani abu na cuɗanya, amma garin da aka sani kafin 2000 ya riga ya tafi.

Abin da ya fara mutuwa a wannan ƙaura, a ganina, shi ne ta'aziyya. A da, idan aka yi rashi a layi, ba a tambayar addinin mamaci kafin a fito da tabarma da benci. Maƙwabci Kirista ya san ranar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ya san ya durƙusa ya ce, «Ya muka ji da haƙuri?» Maƙwabciya Musulma kuma takan zauna a tsakar gida tana jin 'yan Zumuntar Mata suna waƙar jana'iza da kiɗan tulu, kuma tun da da Hausa suke rerawa, babu kalmar da ke wuce ta, sau da yawa ma da ita ake kukan. Bayan an rabu, kowane ɓangare ya binne nasa, ya ƙirga nasa, ya yi wa nasa addu'a a masallaci ko a coci, inda babu wanda zai ji sai wanda ya riga ya yarda da labarin. Mutanen da suka ɓoye maƙwabtansu a ƙarƙashin gado ko cikin silin, kuma suna da yawa a ɓangarorin biyu, sun rasa wurin da za a faɗi abin da suka yi, domin waɗanda suka ceta sun koma hayin kogi, waɗanda suke zaune da su yanzu kuma ba lallai ne su so jin zancen ba.

Da a ce abin ya tsaya nan, da akwai sauran mahaɗa guda ɗaya, wato Kakuri. Tun da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, sannan United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da wasu suka biyo baya a shekarun 1960, Kakuri ta zama wurin da dubban ma'aikata ke shiga da fita dare da rana, suna tsayawa a kan inji ɗaya, suna cin abinci a rumfa ɗaya, suna zuba adashe ɗaya, suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Ko bayan 2000, mutumin da ya koma Rigasa da wanda ya koma Sabon Tasha sukan haɗu da safe a bakin ƙofar masaƙa, kuma a nan ne ake jin wa ya rasu, wa ya haihu, wa har yanzu ba a ga gawarsa ba. To, a daidai wannan lokaci ne masaƙun suka fara rufewa, KTL a 2002, sauran ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta tsaya a 2007. Dalilan na kasuwa ne: ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin man da ke tafiyar da tukwanen tururi, tsufan injuna, raguwar noman auduga, da kwararowar yadi mai arha ta hanyar fasa-ƙwauri. Ana yawan ba da labarin rufewar a matsayin labarin tattalin arziki, labarin rikici kuma a ba da shi daban, kamar a garuruwa biyu suka faru. Amma a cikin shekara bakwai, mutanen gari ɗaya suka rasa maƙwabtaka, sannan suka rasa wurin aikin da zai iya ɗinke ta.

Mahaifina yana cikin waɗanda suka yi aiki a sashen bugun atamfa. Shekaru bayan an sallame su, muna tare da shi a babbar kasuwa ya yi kiciɓis da wani tsohon abokin aikinsa, Kirista daga kudancin jihar, wanda suka yi kusan shekara ashirin suna karɓar aiki daga hannun juna. Bayan sun rungumi juna, Baba ya tambaye shi, «Ina Maman yara?» Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce, «Malam, ai ta shekara biyu da rasuwa.» Matar nan ita ce ta yi wa mahaifiyata zaman jego lokacin da aka haife ni. Tsakanin gidansu da namu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota, amma labarin bai iso ba, domin duk hanyoyin da zai biyo sun toshe. Baba bai yi magana ba har muka isa gida.

Rufewar masaƙun ta taɓa fasaha ta hanyar da ba a cika lissafawa ba. A cikinsu akwai ɗakunan zane, inda masu hannu ke zama suna fitar da fure da tsarin launin da za a buga a atamfa, kuma zanen da suka fitar shi ne ankon bikin 'yan mata a Tudun Wada, shi ne kuma ankon matan coci a Narayi. Wannan aiki ne da ke ba mai zane albashi da daraja, yana kuma koya wa yaro sana'a a ƙarƙashin babba. A waje kuma, albashin ƙarshen wata shi ke ciyar da masu kalangu da masu goge, da masu kiɗan zamani a kulob-kulob, da masu ɗaukar hoto, da teloli, da masu rubuta allon shago da zanen bayan mota. Makaɗi ba ya rayuwa sai da taro, taron Kaduna kuwa gauraye ne, don haka dole ya iya waƙar da za ta shiga kunnen kowa. Da taron ya rabu kuma aljihu ya bushe, sai mai fasaha ya koma inda ake biya, wato bikin 'yan ɓangarensa, ko wurin ibada, ko dandalin siyasa, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman waƙar da za ta yi kukan mamatan hayin kogi. Dokar hana fita da ake sawa bayan kowane tashin hankali, da tsoron dare da ya zauna a zukata ko bayan an ɗage ta, suka ƙarasa abin da ya rage na wasan dare da gidajen silima.

Masifun da suka zo daga baya sun tarar da gari a wannan hali. Rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, da bama-baman 2012, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, wanda waɗanda aka sace a cikinsa na ƙarshensu ba su dawo ba sai a watan Oktoba, kowanne ya ƙara yawan gidajen makoki. Mutane sun yi haƙuri, sun sake gina shaguna, sun mayar da yara makaranta, kuma wannan juriya ta gaske ce, na gan ta da idona. Aikin sulhu irin na Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba kafin su kafa cibiyar sasanci a shekarun 1990, ya hana wuta tashi a lokuta da dama. Sai dai sulhun shugabanni yana tsayar da faɗa ne, ba ya mayar da benci ƙofar gidan maƙwabci.

A cikin wannan gurbi ne matasan yau suka taso. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, da aka fara a 2017, ya nuna cewa akwai masu sauraro daga ɓangarorin biyu da za su zauna a ɗaki ɗaya su ji waƙe da muhawara, amma yawancin aikin yana gudana ne a ƙananan wurare, a harabar makarantu, a lambunan shaƙatawa, a shagon wani mai zane da ya ɗage kayansa gefe ya jera kujeru. Idan yarinya daga Sabon Tasha ta tashi ta karanta waƙe a kan gidan kakarta na Tudun Wada wanda ba ta taɓa shiga ba, yaro daga Rigasa kuma ya zana masallacin da mahaifinsa ya yi limanci a cikinsa a kudu kafin su taso, ni ina jin su a matsayin masu kai gaisuwar da iyayensu ba su sami hanyar kaiwa ba. Tsoron dattawa yana da tushe, domin baiti ɗaya da aka gina a kan zargin wata ƙabila ko wani addini zai iya rusa aikin shekaru, kuma wasu daga cikin matasan suna rubutu a kan abin da labarinsa kawai suka ji daga baki ɗaya. Gyaran wannan yana hannun dattawan ne, su da suka san sunayen maƙwabtan da suka buɗe musu ƙofa a daren Fabrairun 2000.

Har yanzu akasarin irin waɗannan tarurruka da rana ake yin su, kuma masu shiryawa sukan zaɓi wuri kusa da tsakiyar gari don kada wani ya ce an kai shi unguwar da ba zai sake ba. Da la'asar ta yi sanyi za ka ga an fara duba agogo, ana gajarta jawabi, domin rabin masu sauraro suna son su sami mota su ƙetare gada kafin magariba.