Me ake nufi da "ƙasa mai mamaya" a dokokin yaƙi?

Ana cewa an mamaye yanki idan sojojin wata ƙasa suka karɓe iko da shi a zahiri, har gwamnatin wurin ta kasa tafiyar da mulki. Haka sashe na 42 na Dokokin Hague na 1907 ya fayyace. Ba a tambayar ko da hujja aka shiga ko da zalunci. Tun ranar da iko ya koma hannun mai mamaya, nauyin mutanen wurin ya hau wuyansa.

Mamaya ba ta mayar da ƙasa mallakar wanda ya shigo, riƙon ƙwarya ne kawai. Sashe na 43 ya wajabta masa maido da zaman lafiya, ya kuma mutunta dokokin da ya tarar. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu, ta 1949, ta ƙara cewa ya tabbatar jama'a sun samu abinci da magani, asibitoci na aiki. Ta hana korar mutane daga ƙasarsu, ta hana kwaso 'yan ƙasarsa ya zaunar da su a wurin, ta hana hukunta gari guda saboda laifin mutum ɗaya.

Iraƙi ta nuna illar sakaci da wannan nauyi. A watan Afrilun 2003 sojojin Amurka suna cikin Bagadaza aka wawashe ma'aikatu da asibitoci da babban gidan tarihi. A watan Mayu ƙuduri na 1483 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci Amurka da Birtaniya a matsayin masu mamaya, kuma a watan ne Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya tafiyar da mulkin Iraƙi, ya rushe rundunar sojin ƙasar. A ganina nan ne babbar ɓarnar: an kawar da masu tsaron gari, ba a tsaya a madadinsu ba, talakawa suka biya da rayukansu.

Akan ce waɗannan dokoki a takarda suka tsaya, kuma sau da yawa haka ne, musamman idan mai laifin babbar ƙasa ce. Amma a 2005 Kotun Duniya ta samu Uganda da laifi a yankin Ituri na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kan abin da sojojinta suka aikata da kuma kashe-kashe da wawashe ma'adanai da ta ƙyale wasu suka yi alhali iko na hannunta. A 2022 kotun ta umarce ta da biyan Kwango diyyar dala miliyan 325.