Yadda AMD ta cire 3DNow! daga sabbin furosesocinta

A watan Agusta na 2010 kamfanin AMD ya sanar da cewa furosesocin da zai fitar nan gaba, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ba za su ƙara ɗaukar 3DNow! ba. Wannan wani rukunin umarni ne guda 21 da kamfanin ya ƙirƙiro a 1998 tare da furosesar K6-2, don hanzarta lissafin lambobi masu ɗigo, irin su 3.14, wanda wasannin kwamfuta da zane mai motsi suke ci da yawa. Umarni biyu kawai aka bari, PREFETCH da PREFETCHW, su ma aikinsu ɗauko bayanai ne tun kafin a buƙace su. Furosesocin Bulldozer na 2011 sun fito babu sauran.

Dalili a bayyane yake. Kamfanin Intel, abokin gasar AMD, ya fito da nasa tsarin, SSE, a 1999, masu rubuta manhaja suka koma can, har AMD ma ya ɗauke shi. Ga kuma kuɗin gwaji da wurin da tsohon tsarin ke cinyewa a kowace sabuwar furosesa.

Ƙa'idar da ta sa cirewar ta yiwu ita ce ta tambaya kafin amfani. Kowace furosesa tana amsa wani umarni mai suna CPUID, inda take faɗin abin da ta iya. Manhajar da aka rubuta bisa ƙa'ida za ta tambaya, in aka ce babu 3DNow! sai ta bi ta SSE ko wata hanyar, mai kwamfuta bai ma san an yi ba. Wadda ta duba sunan kamfani kawai, da ta ga AMD sai ta ɗauka akwai 3DNow!, ita ce za ta tsaya cak. A ganina wannan adalci ne, domin tun farko an tanadi hanyar tambayar, nauyin kuma yana wuyan marubucin manhaja.

Ban yarda a yi wa x87 irin wannan ba tukuna. Shi ne tsohon sashen lissafi da ya faro daga Intel 8087 a 1980. Ko da yake tsarin bit 64 ya mayar da yawancin lissafi kan SSE2, wato ci gaban SSE, manhajoji na bit 32 marasa adadi suna amfani da x87 ba tare da tambaya ba, kuma a Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, har yau ta nan ake yin lissafin bit 80 mai ƙarin daidaito, wanda SSE2 ba ya yi.