Rashin Tsayuwar Silo a Injin Tsohuwar Mota Mai Kabureta

Silo shi ne juyawar da inji yake yi da kansa alhali mota na tsaye, direba bai taka totur ba. A yawancin tsofaffin motocin ɗaukar kaya masu shan fetur, irin su akori-kura da ƙananan manyan motoci, injin da ya ɗumi yakan juya sau 600 zuwa 800 a minti ɗaya. Ana cewa silo bai tsaya ba idan juyawar tana hawa tana sauka, ko inji yana karkarwa, ko yana mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. Maganar ta shafi injin fetur ne kawai, domin injin dizal ba ya aiki da kabureta.

A lokacin silo, faifan totur da ke cikin kabureta kusan a rufe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, man da ke bin ta kuma bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ɗan lahanin da ba a ji a kan titi yake fitowa fili idan mota ta tsaya. Kabureta ce ake fara ɗora wa laifi, amma sau da yawa matsalar tana wajen yoyon iska ko wajen wuta, wato tartsatsin lantarkin da ke kunna mai a cikin inji.

Tarihi

Aikin kabureta ya ginu ne a kan abin da Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738, da wanda Giovanni Battista Venturi na Italiya ya wallafa a 1797: idan iska ta ratsa ƙuntataccen maƙogwaro, gudunta yakan ƙaru, matsinta ya ragu, har ta iya zuƙo ruwa daga wata ƙaramar kafa. A 1893 Wilhelm Maybach a Jamus ya ƙera kabureta mai fesa mai, a shekarar kuma Donát Bánki da János Csonka suka nemi rajistar tasu a Hangari. Akwai saɓani kan wanda ya riga wani.

Masu ƙira sun gano da wuri cewa maƙogwaron ba ya zuƙo mai idan iska tana tafiya a hankali. Saboda haka, a wajejen farkon ƙarni na 20, aka riƙa yi wa kabureta hanyar mai ta daban domin silo, wadda take fitowa a ƙasan faifan totur, inda zuƙar inji ta fi ƙarfi. Kamfanoni irin su Holley da Carter da Stromberg a Amurka, Zenith da Solex a Faransa, Weber a Italiya, daga baya kuma Aisan da Hitachi a Japan, duk sun bi wannan tsari, kowa da salonsa. A ɓangaren wuta, tsarin koyil (mai ƙara ƙarfin lantarki) da kwantak (ƙarafan da ke buɗewa suna rufewa don ba da tartsatsi) na Charles Kettering, wanda ya shiga motocin Cadillac a wajejen 1910 zuwa 1912, shi aka yi ta amfani da shi kimanin shekara 60, kafin wutar lantarki marar kwantak ta yaɗu a shekarun 1970.

Dokokin hayaƙi ne suka ƙara wa silo wuyar sha'ani. Bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin cikin inji zuwa hanyar iska, ya fara shiga sababbin motoci a Kalifoniya a 1961, ya game Amurka bayan shekara biyu ko makamancin haka. Bayan dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970, bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji, ya bazu daga wajejen 1973. Aka rage man da ake ba inji a silo, aka sa wa sukurorin daidaita mai marufi don kada a juya su da yawa, daga bisani ma aka toshe su gaba ɗaya. Injin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 yana ɗauke da ƙananan tiyoyi masu yawa, kuma kowane ɗaya kafa ce ta matsala idan ya tsufa. Ana yawan ambaton akori-kurar Isuzu ta 1994 a matsayin motar ƙarshe mai kabureta da aka sayar sabuwa a Amurka, ko da yake an ci gaba da ƙera irinsu a wasu ƙasashe.

Yoyon iska

Fetur yana ƙonewa tsaf idan an gauraya kashi 1 na mai da kashi 14.7 na iska bisa nauyi. A silo inji yana son mai ya ɗan fi haka, saboda ragowar hayaƙin da ke cikin silinda. Duk iskar da ta shiga ta bayan kabureta ba a auna mata mai ba, sai haɗin ya tsinke, wato iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Alamarta ita ce silo mai hawa da sauka, wani lokaci da siririn fito, kuma inji yakan ɗan samu sauƙi idan an ja cok, wato faifan da ke rage iskar da ke shiga kabureta lokacin da inji ke da sanyi, ko an rufe rabin bakin kabureta da tafin hannu. Injin da ba shi da yoyo, idan aka yi masa haka, shaƙewa yake yi.

Wuraren da aka fi samun yoyo su ne gasket ɗin gindin kabureta, gasket ɗin manifol (bututun da ke kai haɗin mai da iska daga kabureta zuwa silindoji), tiyon da ya tsage a bakinsa, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar taimakon birki. Idan silo yana canjawa sosai duk lokacin da aka riƙe birki, ana zargin robar cikin tukunyar. Akwai kuma wurin da ake yawan mantawa: sandar da faifan totur yake juyawa a kanta. Bayan shekaru ana taka totur, ramin da take ciki yakan faɗaɗa. Bakanike ya kama hannun totur da yatsa biyu ya girgiza shi sama da ƙasa, idan ya ji yana wasa, to iska na shiga ta nan, kuma faifan ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu. Irin wannan inji ana daidaita shi yanzu, a taka totur sau ɗaya, ya sauya. Maganinsa sa wa ramin sabon bushin, ba juya sukuru ba.

Bawul ɗin EGR bai kamata ya buɗe a silo ba, amma idan baƙin toka ya maƙale a bakinsa sai hayaƙi ya riƙa shiga, inji ya yi ta karkarwa. PCV da ya maƙale a buɗe shi ma yoyo ne.

Ana neman yoyo ta hanyar matse tiyoyi ɗaya bayan ɗaya ana sauraro, ko fesa ruwan wanke kabureta a kan mahaɗai a ji inda sauti zai canja. Ruwan nan yana kama wuta, don haka ba a fesa shi kusa da manifol ɗin salansa mai zafi ko wayar filogi mai tartsatsi.

Wuta

Filogin da ya ci, wayar da ta tsage, murfin distribita (mai raba wuta ga filogogi) mai tsaga, da kwantak ɗin da tazararsa ta gauce, duk suna sa silinda ta riƙa tsallake bugu. A injuna masu kwantak tazarar takan kasance wajejen milimita 0.4, amma adadin da mai ƙira ya rubuta shi ne abin bi. Canja tazarar yana canja taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, saboda haka ita ake fara gyarawa. Idan an haska fitilar taimin aka ga alamar tana rawa, ko dai sandar distribita ta ci, ko sifirin ɗin cikinsa sun saki, ko sarƙar taimin ta yi sako-sako. Masu gyara sun rabu biyu kan inda ya kamata a haɗa tiyon zuƙar distribita, a manifol ko a saman faifan totur. Tsarin masana'anta ya bambanta daga inji zuwa inji.

Mai da kabureta

Ramin jet ɗin silo, wato ɗan bututun da ke auna man silo, bai fi kafar allura ba, ƙwayar tsatsa guda daga tanki ta isa ta toshe shi. Motar da ta daɗe a ajiye, man cikin kwanon kabureta yakan bushe ya bar danƙo a hanyoyin. Fetur mai haɗin etanol yana jan laima, yana kuma cin tsohuwar roba. Ana wanke hanyoyin da ruwan wanki da iska mai ƙarfi. Zura waya cikin jet kuskure ne, domin tana faɗaɗa ramin har abada.

Idan fulot, wato abin da ke yawo a saman man cikin kwanon kabureta don tsayar da shigar mai, ya huje ya nutse, ko allurarsa ba ta rufewa, mai yakan yi yawa: baƙin hayaƙi, warin fetur, filogi baƙi ƙirin, mai yana ɗiga cikin maƙogwaro alhali inji na silo. Cok ɗin da bai gama buɗewa ba bayan inji ya ɗumi haka yake yi. Wasu kaburetocin suna da ɗan bawul na lantarki mai yanke man silo idan an kashe makulli. Idan wayarsa ta tsinke, mota za ta yi gudu lafiya amma ta mutu da zarar an saki totur.

Jikin inji

Bawul da ya ƙone ko aka matse shi fiye da kima yana rage matsin silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tsakanin silindoji abin dubawa ne.

Awo da daidaitawa

Agogon auna zuƙa, idan an haɗa shi da manifol, yana nuna inci 17 zuwa 22 na zaiba a lafiyayyen inji a daidai tsayin teku, yana raguwa da kimanin inci 1 a kowace mita 300 ta hawa. Allura ta tsaya cak amma ƙasa da haka: yoyo ko taimin da ya makara. Tana yawo a hankali: haɗin mai. Tana faɗuwa tana komawa a kai a kai: bawul ko silinda guda.

Sukurun daidaita mai shi ne na ƙarshen taɓawa, bayan an toshe yoyo, an gyara wuta, inji ya ɗumi, cok ya buɗe. Ana murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ba tare da matsewa ba don kada bakinsa ya lalace, sannan a warware kimanin zagaye 1.5 a matsayin mafari. Daga nan ana juya shi kaɗan-kaɗan har zuƙa ta kai ƙololuwa, a saita gudun silo da sukurun totur, a sake komawa. Idan an murɗa sukurun mai inji bai nuna ya ji ba, yawanci an buɗe faifan totur da yawa ne don a ɓoye wata matsala, har mai ya koma shiga ta kafar da ke sama da ta silo. A mota mai giyar atomatik, wasu masu ƙira sun ba da adadin silo ne da giya a ciki, kuma ana yin wannan awo da birki a riƙe da waigi a ƙarƙashin taya.