Wai me ake nufi da "sabon rai"?

Kwanaki wata maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofar gida tana tambaya wai Sabon Rai wani coci ne dabam, don ran Lahadi da yamma ta ga wasu mutane sun wuce da ganguna da caki suna ta waƙa, da ta tambaya aka ce mata ai 'yan Sabon Rai ne. Na ce a'a Mama ba coci ba ne, ƙungiyar bishara ce, kusan duk majami'ar da ake sujada da Hausa za ki same su. Bayan mun rabu sai abin ya tsaya min, don ko mu da muka tashi a cikin ikilisiya da yawanmu in an ce sabon rai gangunan nan ne ke fara zuwa mana a ka, ita kalmar kanta mun bar ta a baya.

Ƙungiyar dai cikakken sunanta Sabon Rai Don Kowa, ta fara ne a arewacin Najeriya a farkon shekarun 1960, wani mishan na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) mai suna Gerald Swank yana cikin waɗanda suka assasa ta, hedikwatarta kuma tana Jos. Tunanin da aka kafa ta a kai shi ne wa'azi ba aikin fasto kaɗai ba ne, manomi da tela da mai sayar da ƙosai kowa ya faɗa wa maƙwabcinsa abinda ya ji, shi ya sa har yau za ka gan su a ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN suna bin ƙauye ƙauye musamman da rani in an gama girbi. Amma ba su suka ƙirƙiro kalmar ba, daga Littafi Mai Tsarki suka ɗauko ta.

Asalin maganar tana cikin Yohanna sura 3. Nikodimu, Bafarisiye ne, wato ɗan ɗariƙar masu tsananta bin shari'ar Musa, kuma babba a cikin Yahudawa, mutum ne da ya san Attaura ciki da waje, ya zo wurin Yesu da dare, tun bai gama gaisuwa da yabo ba Yesu ya ce masa in ba a sake haifar mutum ba ba zai ga mulkin Allah ba. Shi kuma ya yi tambayar da ni ma da ita zan yi, ta yaya tsoho zai koma cikin uwarsa? Kalmar da aka rubuta a wurin da Helenanci tana ɗaukar ma'ana biyu, "kuma" da "daga sama", to Nikodimu ya kama ta farko ya riƙe, alhali Yesu yana maganar haihuwar da Ruhun Allah ke yi. Iyayenmu suna kiran wannan maya haihuwa, wasu su ce sabuwar haihuwa, rayuwar da ke biyo bayanta kuma ita ce sabon rai. Abinda ya fi taɓa ni a misalin nan shi ne babu jaririn da ya taɓa haifar kansa. Haifarsa ake yi.

Nan ne fa mutane da yawa ke rikicewa, sai ka ji mutum na cewa bari in daina burkutu tukuna, bari in gyara halina sannan in fara zuwa coci, kamar wanda zai je asibiti amma yana jira ya warke. A Ezekiyel 36:26, lokacin da mutanen Yahuda ke zaman bauta a Babila komai nasu ya rushe har Haikali, Allah ne da kansa ya ce zai cire musu zuciyar dutse ya ba su ta nama, bai ce su je su nemo ba. Haka Dawuda ma, bayan abinda ya yi da Batsheba ya kuma sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga, da annabi Natan ya zo ya tona masa, a Zabura 51 roƙonsa shi ne Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta, kuma kalmar "halitta" ɗin nan a Ibrananci ita ce dai wadda ke ayar farko ta Farawa inda aka yi sama da ƙasa. Wato Dawuda ya gane cewa tashi zuciyar ta wuce faci. Bulus ma a kan wannan layin yake a 2 Korintiyawa 5:17 da ya ce wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne, tsohon ya wuce.

Ita tsabtar da ake magana kuwa ta ciki ce. A Markus 7 an yi ta ƙorafi wai almajiran Yesu suna cin abinci ba su wanke hannu bisa al'ada ba, ya ce abinda ke fitowa daga zuciyar mutum shi ke ƙazantar da shi, ya lissafo sata da zina da haɗama da hassada da girman kai. Duk macen da ta taɓa dama fura ta san in ka goge bayan ƙwarya tana sheƙi amma ka bar tsohon nono a ciki, sabon da za ka zuba ma lalacewa zai yi. Gaskiya mu mun iya goge bayan ƙwarya, anko na Zumuntar Mata a goge tsaf, baiko a kan lokaci, waƙa a baki, amma shekara biyar ba ka magana da ɗan'uwanka saboda iyakar gona, kuma ran Jibin Ubangiji, wato ranar da ake cin gurasa a sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ku biyun duk kuna layi ɗaya. Wannan yana damuna ƙwarai don na gan shi a danginmu.

Sannan abin ba ya tsayawa a ɓoye, in ya shiga sai ya fito. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, a Luka 19, da Yesu ya sauka a gidansa ba wanda ya tilasta shi ya tashi ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda kuma ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. Ni a ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi ɗaga hannu a taron farkaswa. Ɗaga hannu da fitowa gaban bagade abu ne mai kyau, ba na raina shi, mutane da yawa daga nan suka fara, amma ran Litinin a kasuwa ne za a ga ko mudun da aka bubbuge wa gindi ya koma daidai, ko bashin da aka yi shekara ana kauce wa mai shi an je an biya.

Akwai ɗan bambanci tsakanin ikilisiyoyi a kan yaushe abin ke faruwa. Katolika suna koyar da cewa a baftisma ake sake haifar mutum, shi ya sa suke yi wa jarirai, Angilikan da Lutaran ma suna yi wa jarirai. ECWA da Baptis kuma sai mutum ya ba da gaskiya da bakinsa ya shiga aji sannan a nutsar da shi a ruwa, baftismar ta zama shaida ce ta abinda ya riga ya faru a ciki. Dukansu suna karanta Romawa 6:4, an binne mu tare da Almasihu domin mu tashi mu yi tafiya cikin sabon rai.

To in mutum ya faɗi bayan haka fa? Ana faɗuwa kam, muna ce masa ja da baya, wani lokaci dattawa su sa mutum ƙarƙashin horo ya daina cin Jibi na ɗan lokaci. Manufar horon a dawo da shi ne, amma abinda nake gani shi ne ko an karɓe shi a gaban jama'a an yi addu'a, shekara goma ana nuna shi da baki ana cewa ai wancan ne da ya yi kaza, yarinya ta yi ciki a gida ta tuba amma har ta tsufa sunan bai bar ta ba. Bitrus sau uku ya yi musun Yesu a daren da aka kama shi, har da rantsuwa. Bayan tashi daga matattu, a bakin tekun Galili, Yesu ya riga ya gasa musu kifi da gurasa suka ci, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, duk amsar da ya bayar sai ya ce masa ya yi kiwon tumakinsa. Kafin wata biyu su cika shi ne ya tsaya a Urushalima ranar idin Fentikos ya yi wa'azin da mutum wajen 3,000 suka tuba aka yi musu baftisma.