Mene ne kaurin bangon zuciya, kuma me ya haɗa shi da teɓa?

Masu hawan jini da yawa a Kaduna, idan likita ya tura su gwajin eko, wato hoton zuciya, sukan dawo da takarda ɗauke da haruffa uku: LVH. Wani ya ce an gaya masa zuciyarsa ta kumbura, wani ya ce ta ƙara girma. Abin da ake nufi shi ne, bangon ɗakin hagu na ƙasa na zuciya ya yi kauri fiye da kima. Wannan ɗaki ne ke tunkuɗa jini zuwa ko'ina a jiki, kuma a lafiyayyen baligi kaurin bangonsa bai cika wuce milimita 11 ba.

Dalili na farko a fili yake. Idan awon jini ya zauna a 140/90 ko sama da haka, sai zuciya ta yi da gaske kafin jini ya fita, kuma tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda. Tsoka kuwa in ta sha aiki takan yi kauri, kamar damtsen mai faskare. Sai dai shi yakan ajiye gatari ya sha iska, ita ba ta da hutu. Kaurin nata yakan zo da tauri, ɗakin ya kasa sakewa ya cika da jini yadda ya kamata. Daga nan ne ake fara haki wajen hawa bene, ko mutum ya kasa barci sai ya tara matashin kai. Wasu ma ba sa jin komai shekara da shekaru.

Amma fa sai ka ga mutum biyu awonsu ɗaya, bangon zuciyar wannan ya yi kauri, na wancan lafiya lau. Wani ɓangare na amsar yana cikin sinadaran da ake kira homon, masu kai saƙo ta cikin jini. Ƙoda na sakin renin, shi kuma ya haifar da anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyin jini, ya kuma sa ƙwayoyin tsokar zuciya su yi girma kai tsaye. Aldosteron, da ke fitowa daga wasu 'yan halittu a saman ƙoda, yana riƙe gishiri a jiki, yana kuma cusa tabo a tsakanin tsokar.

Ga kuma teɓa, wadda mu a nan muke ɗauka alamar hutu ce. Kitsen ciki ba ajiya ba ne kawai, yana fitar da nasa homon ɗin. Akwai leptin, wanda aka gano a 1994: yawansa na zuga jijiyoyin da ke hanzarta bugun zuciya da ɗaga awon jini. Akwai adifonektin mai kare zuciya, shi kuma raguwa yake yi idan ƙiba ta ƙaru. Jikin mai teɓa yakan daina jin maganar insulin, homon da ke daidaita sugan jini, sai jiki ya ƙara zubo shi, yawansa kuma ya sa ƙoda ta riƙe gishiri. Shi ya sa sau da yawa ciwon suga da hawan jini ke sauka gida ɗaya.

Kaurin na iya raguwa idan aka shawo kan hawan jinin na tsawon lokaci. Magunguna irin su lisinopril da losartan hanyar anjiyotensin suke toshewa, amma likita ne ke zaɓa, kuma ba a ba mai juna biyu su. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa "ai na ji sauƙi" ya watsar da magani, alhali zuciya na ci gaba da dakon kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi. A lissafa har da dunƙulen magi a miya, da yajin tsire, da kanwar da ake jefawa a wake ko kunu, domin ita ma akwai sodiyam a cikinta, sinadarin gishiri mai ɗaga awon jini.