Kujerar Baƙo a Ɗakin Tuƙin Jirgin Sama

Kujerar baƙo, wadda matuƙa ke ce wa jamsit, ƙaramar kujera ce mai naɗewa da ke bayan kyaftin da mataimakinsa a ɗakin tuƙin jirgi. Asalinta ta masu sa ido ce: sufetocin hukumar kula da sufurin sama da malaman da ke jarraba matuƙa a bakin aiki. A Amurka kuwa ta zama abin rage wa matuƙa hanya kyauta, ko da jirgin ba na kamfaninsu ba ne.

Dalili shi ne yawancin kamfanoni ba sa tilasta wa matuƙi zama a garin da tashar aikinsa take. Wani iyalinsa suna Denba, aikinsa yana farawa a Shikago, kuma ba lalle ne kamfaninsa ya sami jirgi a lokacin da yake buƙata ba. Sai kamfanoni suka riƙa ƙulla yarjejeniyar ban gishiri in ba ka manda: ka ɗauki matuƙana, in ɗauki naka. Ƙungiyar matuƙa ta ALPA, wadda aka kafa a 1931, tana da kwamiti na musamman a kan wannan kujera, kuma kullum tana tuna wa 'ya'yanta cewa alfarma ce ake yi musu.

Akwai tsarin fifiko. Sufeton FAA, hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, da ya zo duba aiki shi ne kan gaba, sai matuƙan kamfanin, sannan na waje. Amma a tsakanin matuƙa, wuƙa da nama na hannun kyaftin, kuma dokar tarayya ta tabbatar masa da ikon hana shiga saboda lafiyar tafiya. Shi ya sa ko an bai wa baƙo kujera cikin fasinjoji, ladabi shi ne ya leƙa ya gaida kyaftin, ya nuna lasisinsa da takardar lafiya da katin aiki, ya roƙi a rage masa hanya. Wanda ya zauna a ɗakin tuƙi ana lissafa shi cikin ma'aikatan jirgin: ba ya shan giya, ba ya surutu idan jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000, yana kuma buɗe ido. Wannan ikon na kyaftin ya sha zama makami, domin an daɗe ana hana kujerar ga waɗanda suka ci gaba da aiki lokacin yajin aiki, kamar na kamfanin jiragen Continental a 1983 da na Eastern a 1989.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya rufe ƙofar ga matuƙan waje. Bayan wasu shekaru aka sake buɗe ta ta hanyar tsarin CASS, inda ma'aikacin bakin ƙofar shiga jirgi ke duba hoton matuƙi da matsayin aikinsa a kwamfutar kamfaninsa kafin a bar shi.

Tarihin kujerar yana da daɗi da ɗaci. A watan Afrilun 1994 wani ma'aikacin FedEx da ya hau a matsayin baƙo ya far wa matuƙa da guduma bayan tashi daga Memfis, suka yi ta maza suka sauke jirgin duk da munanan raunuka. A Oktoban 2023 wani matuƙin kamfanin Alaska Airlines ya yi yunƙurin kashe injinan jirgin kamfanin Horizon daga wannan kujera, aka karkata zuwa Fotland. A ɗaya ɓangaren, matuƙin da ke kujerar baƙo ya taimaka aka shawo kan matsalar jirgin Lion Air samfurin 737 MAX a Indunusiya ranar 28 ga Oktoba 2018. Washegari jirgin ya faɗa teku a hannun wasu matuƙan.

Abin da ya fi tayar da muhawara shi ne gajiyar matuƙan da ke doguwar tafiya zuwa tashar aikinsu. Bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan kusa da birnin Bafalo a Fabrairun 2009, wanda ya ci rayuka 50, bincike ya gano cewa mataimakiyar kyaftin ta kwana a hanya daga Siyatal zuwa Nuwak cikin jiragen dakon kaya kafin ta kama aiki. An tsaurara dokokin hutun matuƙa daga baya, amma ba a ƙayyade nisan da mutum zai yi daga gida zuwa tashar aikinsa ba.