Faranti ko leda a ranar Sallah: me dokar 2014 ta hana?

Duk shekara in layya ta matso, gardama guda ce ke tashi a gidajen Damagaram: a fito da kwanoni da tire a sha wanke-wanke, ko a je kasuwar Dole a sayo farantan roba na ci-ka-yar? Wasu ma cewa suke gwamnati ta hana robar gaba ɗaya. Ba haka zancen yake ba.

Dokar da ake nufi ita ce mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda aka sa wa hannu zamanin shugaba Mahamadou Issoufou. A 2015 aka fitar da ƙudurin da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita. Ta hana abu biyar a duk faɗin Nijar: ƙera leda, shigo da ita, sayar da ita, amfani da ita, da jibge ta a shago ko sito. Ledar da take magana a kai ita ce mai taushi marar kauri, irin baƙar nan da mai tumatir ke ƙulla miki kaya a ciki. Ta ware wadda ke ruɓewa a ƙasa, ta kuma bar ƙofar izini na musamman don aikin asibiti da bincike. Akwai tara, akwai ɗauri, kuma sun fi nauyi a kan mai ƙerawa da mai shigowa.

Faranti mai tauri da cokalin roba ba leda ba ne, don haka ba su dokar ta ambata ba. Jihar Legas ce ta hana robar kumfa ta zuba abinci a Janairun 2024, kuma hukuncin Legas bai ƙetaro iyaka ba.

Inda dokar ta shafe mu shi ne washegarin layya. Raguna sun yini a jikin itace gaban wuta, gari ya waye, an fara rabo. Kason gwaggo a leda, na maƙwabta a leda, tuwon almajiri da zafinsa a leda. Gida guda sai ya ƙarar da ƙulli kafin azahar. Nan aka taka doka, ko da ba wanda ya zo kamu. Daga nan iska ta kwashe ta zuwa lungunan Birni da Zango, akuya ta haɗiye, mahauci ya tarar da ita cunkushe a tumbi. Saura ta toshe magudanar ruwa kafin damina.

Na san hujjar masu roba, kuma ba ta banza ba ce. A garin da famfo kan yi kwanaki bai zubo ba, jarka kuma sai an saya wurin mai ga-ruwa, wanke kwano hamsin ba wasa ba ne, kuma mata da 'yan mata ne ke duƙe a kansa. Amma cin taro a tire ɗaya ya rage wannan tun asali: mutum shida, tire guda, wanki guda. Ni a gidanmu shi na zaɓa. Rabon nama kuwa, a zuba a langa mai murfi a ba yaro ya kai, a juye a dawo da ita, yadda iyayenmu ke yi kafin leda ta shigo gari.